Wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke riƙe da shafinmu na intanet

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Abokan Ciniki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na kawo wannan magana ta zaɓen harshe a manhajarku bainar jama'a ne saboda duk saƙon da na aika muku ta imel, amsar ɗaya ce: ana dubawa.

Muna sayar da atamfa, shadda da leshi a Kantin Kwari, kuma shafin shagonmu yana kan manhajarku. Masu sayen kayanmu Hausawa ne, daga Kano har Maraɗi da Damagaram, don haka muka sa shafin da Hausa. Sai dai wurin zaɓen harshe ɗaya tak kuka tanadar. Abin da muka zaɓa wa masu saye, shi ne ke hawa kan ɓangaren gudanarwa, inda muke saka kaya da farashi.

Hausar da ke wannan ɓangaren kuwa rabi da rabi ce. Layi ɗaya Hausa, na ƙasansa Turanci. Littafin jagorarku da hotunan cikinsa duk da Turanci suke, har ma'aikacinku in yana yi mana bayani a waya, sunan maɓallin da yake kira daban, wanda ke gabanmu daban. Dole yaron shagonmu ya mayar da komai Turanci kafin ya yi aiki. A wannan tsakanin, duk wanda ya leƙo shafin Turanci zai tarar, rasit ɗin da ke tafiya wa masu saye ma haka. Wata hajiya a Damagaram ta zuba turmi shida a kwando, tana shirin biya maɓallan suka juye mata, ta ɗauka 'yan damfara ne suka shiga, ta fasa. Wakilinmu na Maraɗi kuma da Faransanci ya yi karatu, shi ko zancensa ba a yi ba.

Kada a ce mana abu ne mai wuya. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ta warware wannan tun Disambar 2016, a fitowarta ta 4.7: kowane ma'aikaci ya zaɓi harshensa a bayanan asusunsa, shafin jama'a na nan yadda yake. Joomla, wata manhajar irinta, ita ma ta daɗe da raba harshen shafi da na mai gudanarwa. Waɗannan kyauta ake samunsu, mu kuwa duk shekara muna biyan ku.

Buƙatarmu ita ce kowane mai asusu ya iya zaɓen harshen ɓangaren gudanarwa shi kaɗai, rasit da saƙonnin masu saye kuma su tsaya kan harshen shago. Ku faɗa mana ranar da za a yi. In ba ya cikin shirinku, ku fito fili ku gaya mana kafin lokacin sabunta biya, tare da yadda za mu kwashe jerin kayanmu da bayanan cinikinmu.

Na gode.

Mai kula da shafin wani shagon yadi,
Kantin Kwari, Kano