Tafiyar Fafaroma Bangui ba yawon buɗe ido ba ce, ina wurin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya.

Shirinku na daren Lahadi ne ya hana ni barci, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tun da baƙon naku, malamin jami'ar nan, ya ce tafiye-tafiyen Fafaroma ba komai ba ne illa yawon buɗe ido da farautar mabiya, na kasa kunne ina jiran mai gabatarwa ya tare shi ya ce, to Malam, Bangui fa? Shiru kake ji. Da aka zo lissafa ƙasashen da marigayi Fafaroma Francis ya taka, sai aka ambaci Afirka ta Tsakiya, ƙasar da Bangui ne babban birninta, a guje, kamar yaron mota yana kiran garuruwa a tasha, aka wuce. Wallahi raina ya ɓaci, har mai ɗakina ta ce in kashe rediyon in huta.

Ni Musulmi ne, ɗan Musulmi, jikan Musulmi. Fatauci ne ya kai kakana Bangui daga ƙasar Kano, a can aka haifi mahaifina, a can aka yanke mini cibiya. Ban taɓa sa ƙafa a coci ba, kuma da yardar Allah a kan kalmar shahada zan cika. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce wani Kirista ne ya rubuto yana kare shugabansa. A wancan lokaci atamfa da shadda nake sayarwa a kasuwar unguwar PK5, wadda muke kira Kilomita Biyar, kuma ranar Litinin 30 ga Nuwamba 2015 ina tsaye a harabar babban masallacin Koudoukou. Gani ya kori ji.

Baƙonku bai san halin da muke ciki kafin wannan rana ba. Tun daga ranar 5 ga Disamba 2013, da 'yan Anti-Balaka, mayaƙan sa-kai da galibinsu Kiristoci ne, suka afka wa birnin, Musulmi ya zama abin farauta a Bangui. Ba zan ɓoye gaskiya ba, 'yan tawayen Seleka, waɗanda galibinsu Musulmi ne, da suka ƙwace mulki a watan Maris na wannan shekara, sun yi ta'asa mai muni a kan Kiristoci, sun yi kisa sun yi ƙwace, kuma mu da ba mu ci nanin ba, nanin ta ci mu. A farkon 2014 na ɗora matata da 'ya'yana huɗu a saman babbar mota, cikin ayarin da sojoji ke rakawa zuwa Garoua-Boulaï a kan iyakar Kamaru. Ni na tsaya saboda mahaifiyata, wadda ƙafa ta hana ta tafiya, ta kuma rantse ba za ta bar garin da aka binne mijinta ba. Musulmin Bangui da suka haura dubu 100 kafin rikici, sai ga mu 'yan dubbai kaɗan cunkushe a unguwa ɗaya.

Kurkuku ne ba gini. Ka wuce wata gada ko wani shatale-tale, to sai dai a kawo labarinka. Asibiti ya gagara, makaranta ta gagara. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne maƙabarta. Maƙabartar Musulmi tana unguwar Boeing, kusa da filin jirgin sama, kuma ba mai iya kai gawa can. Ƙanena da zazzaɓi ya kwantar kwana shida, a tsakar gidanmu muka haƙa masa kabari, kusa da madafi. Kullum mahaifiyarmu ta fito alwala sai ta yi ido biyu da kabarin ɗanta. A ƙarshen Satumba 2015 aka kashe wani matashi Musulmi ɗan acaba, wuta ta sake tashi, mutane da dama suka mutu, aka ƙara toshe mu. Wata biyu cur ban ga wani wuri ba sai lungunan Kilomita Biyar.

A cikin wannan hali ne aka ce Fafaroma zai zo. Ban yarda ba. Muna jin labari a rediyo cewa Faransa, wadda take da sojoji a ƙasar, ta ba da shawarar a fasa tafiyar domin ba za a iya tabbatar da tsaronsa ba. Dattijo mai shekara 78, wanda tun yana saurayi aka cire masa wani sashe na huhu, me zai kawo shi unguwar da 'yan ƙasa ma suke tsoron doso ta? Sai ga shi da hantsi, a buɗaɗɗiyar mota, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya na MINUSCA sun hau har kan hasumiyar masallaci da bindigogi. Limaminmu, Malam Tidiani Moussa Naibi, ya tarbe shi. Fafaroma ya cire takalmi kafin ya shiga, ya tsaya shiru a gaban mihrabi, kansa a sunkuye. Sannan ya ce Kirista da Musulmi 'yan'uwan juna ne, ya ce a haɗu a ƙi gaba da ramuwa da tashin hankali, musamman wanda ake yi da sunan addini ko da sunan Allah. Ya rufe da kalmar "salam". Na ga dattawa masu furfura suna share hawaye da bakin rawani.

Amma ba jawabin ne ya sa nake rubuto muku ba. Manya da yawa sun zo Bangui sun yi jawabi sun hau jirgi. Abin da ya biyo baya ne. Liman ya hau motar Fafaroma suka zaga tare cikin jama'a, kuma da ayarin ya kama hanyar filin wasa na Barthélemy Boganda, sai matasanmu suka bi shi a kan babura, wasu a ƙafa. Ban san lokacin da na ɗare bayan babur ɗin wani yaro ba. Muka keta wurin nan da ba a ketawa, inda gidaje suke a ƙone ciyawa ta cinye su. Mutanen da jiya muke gudu, ga su a bakin titi suna ɗaga mana hannu, suna tafi, mata suna guɗa. Ana ta kiran "siriri", wato zaman lafiya da harshen Sango.

A bakin filin wasan wata mata ta riƙo hannun rigata. Maƙwabciyarmu ce ta dā, Kirista, tun muna zaune a unguwar Miskine kafin a rushe gidan. Tare da mahaifiyata suka yi shekara da shekaru suna musayar gishiri da garin rogo ta kan katanga. Abin da ta fara tambaya shi ne, "Mama tana da rai?" Na ce tana nan. Ta durƙushe a wurin tana kuka. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni 'yan kuɗi, ta ce bashin turmin atamfa ne da ta karɓa kafin rikici, shekara biyu tana ajiye da su ba ta san inda za ta gan ni ba. Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, ta sa na maimaita mata har sau uku. Malam Edita, wannan ne yawon buɗe ido?

Ba na cewa zuwansa ya kashe wutar. Washegari ma aka harbe wani ɗan'uwanmu a bakin unguwa. Ranar ƙuri'ar raba gardama a tsakiyar Disamba an yi ta harbe-harbe a PK5, kuma a watan Mayu 2018 aka kai mummunan hari cocin Fatima da ke kusa da mu, aka kashe mutane har da limamin coci, aka kuma koma ramuwa a kan masallatai. Ni kaina daga baya, bayan rasuwar mahaifiyata, na tattara na bi iyalina Kamaru. Duk na san wannan, ba sai wani ya tuna mini ba. Sai dai na san kuma cewa bayan ziyarar kasuwa ta fara motsi, an yi zaɓen 30 ga Disamba 2015 cikin sauƙin da ba mu zata ba, kuma a watan Fabrairu 2016 mutanen Boeing da na PK5 suka ƙulla yarjejeniya aka buɗe mana hanyar maƙabarta. Mahaifiyata a maƙabarta aka binne ta, kusa da mijinta, ba a tsakar gida ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun farautar mabiya kuwa, a duk Kilomita Biyar ban san mutum ɗaya da ya bar Musulunci saboda Fafaroma ya zo ba. Abin da na sani shi ne babban limamin Katolika na Bangui, Dieudonné Nzapalainga, ya ɓoye Imam Omar Kobine Layama, shugaban al'ummar Musulmin ƙasar a lokacin, a gidansa wata da watanni lokacin da ake neman ransa, kuma Imam ya fito da addininsa. Da baƙonku ya ce a tambayi kuɗin da matalautan ƙasashe ke kashewa wajen tarbar irin waɗannan baƙi, da na ce yana da hujja, a yi wannan magana. Amma ya ɗauki tafiya 47 da mutumin ya yi cikin shekara 12 ya zuba su a kwando ɗaya. Har da zuwansa Abu Dabi a 2019, inda suka sa hannu a takardar 'yan'uwantaka da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib. Har da Iraƙi a 2021, inda ya tsaya cikin kangayen Mosul. Har da Kinshasa a 2023, inda ya ce wa masu wawure ma'adinai su cire hannunsu daga Afirka. Mai gabatarwa yana da duk wannan a gabansa, bai ce uffan ba. Laifinsa a wurina ya fi na baƙon, domin aikinsa ne ya tambaya.

Roƙona shi ne ku sake shirin, ku nemo wani daga cikinmu. Muna nan da yawa a Garoua-Boulaï da Bertoua da Ngaoundéré da Njamena, Hausa muke ji, waya kuma tana shiga. Ku haɗa mu da malamin, ya faɗi nasa mu faɗi namu.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, ga wani abu da ya daɗe yana damuna. Wasu ma'aikatanku matasa ba sa iya jimla biyu sai sun tsoma Ingilishi a ciki. Ku tuna ba Najeriya kaɗai ke saurarenku ba. Mu da ke Kamaru da Cadi da Nijar, wanda ya yi boko a cikinmu Faransanci ya karanta, da yawa kuma allo kawai suka yi. Haka farashin kayan abinci na ranar Laraba, kullum da naira, ba a taɓa juya mana shi zuwa sefa ba. Na aiko saƙo a kan wannan sau biyu ban ji an karanta ba.

Ka gaishe da duk ma'aikata. Wassalam.

Mai saurarenku,
tsohon ɗan kasuwar PK5, daga Ngaoundéré, Kamaru