Likita, Anya Ba Dasashin Maigidana Ne Ke Hana Sugansa Sauka Ba?

Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya ƙoƙari? Allah ya saka da alheri kan wannan shiri.

Maganar maigidana ce ta sa na rubuto. Ya haura shekara hamsin, tela ne a kasuwa, kuma ya jima da ciwon suga. Yana shan metformin safe da yamma, ba ya wasa da shi. Shayinsa babu sukari, tuwon dare ma na rage masa. Duk da haka gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku, ya ƙi sauka ƙasa da 8, alhali likitansa so yake ya koma ƙasa da 7.

Ga kuma bakinsa. In ya yi asuwaki kafin asuba, kan asuwakin ja yake komawa, yawun da zai tofar duk jini. Dasashin ya kumbura, ya janye daga haƙoran ƙasa har sun yi kamar sun ƙara tsawo, biyu daga ciki suna motsi in ya tura su da harshe. A gindinsu akwai wani datti da ya daskare ya yi tauri, goro ya rine shi. Nama yanzu sai na dafa ya yi luguf, kilishi kuwa sai dai ya kalla. Warin baki ban ma taɓa furta masa ba, ka san nauyin irin wannan magana tsakanin mata da miji.

A zuwanmu asibiti na baya, wata likita ta sa ya buɗe baki ta duba, sannan ta rubuta gwajin CRP. Ta ce wani sinadari ne da hanta ke saki cikin jini idan akwai kumburi a jiki. Nasa ya fito sama da ƙima. Ta yi mana bayani cewa cutukan biyu juna suke ingizawa. Yawan suga yana raunana garkuwar jiki, ya busar da baki, ya hana rauni saurin warkewa, shi ya sa haɗarin ciwon dasashi ga mai suga ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku. Su kuma ƙwayoyin cutar da suka yi gida a ƙarƙashin dasashi suna sa jiki ya yi ta fitar da sinadaran kumburi irin su IL-6 da TNF, waɗanda ke hana insulin, sinadarin da ke sauko da suga a jini, aiki yadda ya kamata. Har ta ce tun 1993 masana ke kiran ciwon dasashi matsala ta shida da suga ke jawowa. Sai ta tura mu wajen likitan haƙori, a wanke masa har ƙarƙashin dasashi.

A nan maigida ya kafe. Wani maƙwabcinsa a kasuwa ya ce masa wankin asibiti ne ke buɗe giɓi ya zubar da haƙora, kuma mai suga in ƙarfe ya taɓa shi, ciwon ba ya warkewa. Ya koma kurkurar ruwan gishiri da tauna kanumfari. Ni dai a ganina tsoron kujerar likita ne kawai, amma maganar rashin warkewar ta tsaya mini a rai.

Shi ne nake tambaya, Likita: sai an fara sauko da sugan za a yi wankin, ko wankin ne zai taimaka ya sauka? 'Yarmu mai karatun jinya ta ce yakan rage HbA1c da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Wannan ɗan ragin ya isa a tilasta wa mutum abin da yake gudu? Sannan yana fama da ciwon gwiwa, ta yaya za a gane ko daga baki CRP ɗin ya hau ko daga can? Haƙoran da ke motsi za su sake zama, ko sai cirewa? Kuɗi ma ba su yawaita ba, in ɗaya za mu iya a watan nan, maimaita gwajin ya kamata mu yi ko wankin?

Don Allah ka amsa a shirin, ka kuma taɓo maganar giɓin nan, domin yana kunna rediyo a shago, kuma ya fi jin ta bakinka a kan tawa.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Zariya.