Amsa ga Alhajin da ya tambayi inda maganin yara ke zuwa

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

Na saurari kiran da ka yi a rediyo, wanda ƴan fada suka yaɗa a WhatsApp har ya zo wayar ɗiyata. Ba ka ambaci sunana ba, ka ce dai "majon likitar unguwarmu", kuma majo, wato shugabar ma'aikatan likita, guda ce a unguwar. Ka tambayi abin da ya sa muke barin mata cikin rana, da abin da ya sa muke rubuta ordonas, takardar sayen magani, alhali an ce maganin yara kyauta ne, da kuma wanda ke fitar da abincin masu tamowa zuwa kasuwa. Sannan ka ce akwai masu gina bene da haƙƙin ɗiyan talakawa.

Maganar rana mai sauƙi ce. Rumfa guda gare mu, kai kuwa kwanon rufi kake sayarwa.

Ta benen ce ta hana ni barci. Alhaji, ka san gidana, ka zo gaisuwar rasuwar maigidana, ka zauna a tabarma cikin zauren ƙasa. Da ka nuna mini inda benen yake, da na tare.

Tun 2006, zamanin Tanja Mamadu, doka ta ce yaron da bai kai shekara 5 ba a duba shi, a ba shi magani, ba a karɓi ko dala ba. To amma maganin ba daga sama yake faɗowa ba. Likita ce ke saye da kuɗin asusunta, ta ba yaro, ta cika takardu ta aika, ta jira a mayar mata. Bashi ne muke bayarwa. Idan biyan ya yi wata da watanni bai zo ba, wani lokaci har shekara ta zagayo, kantar magani sai ta bushe. Uwa ta shigo da yaro yana numfashi sama-sama, amoksisilin ya ƙare, me kake so in yi? In ce mata ta koma gida ta jira takardunmu su dawo? Sai in rubuta mata ta je farmasi, in tana da jika biyu ta saya, in ba ta da shi mu yi karo-karo mu ma'aikata. Kai ɗan kasuwa ne. Wane abokin ciniki ka taɓa ci gaba da ba shi kaya bayan ya riƙe maka kuɗi shekara guda?

Batun Plumpy'Nut kuwa, abincin masu tamowar nan, e, ana ganin shi a kasuwa, ni ma na gani. Sai dai kowace leda da ta fita hannunmu tana cikin rajista, da sunan yaro da nauyinshi da awon damtsenshi, wanda in ya gaza milimita 115 ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani. Abin da ke faruwa bayan ƙofarmu shi ne abin da ba ka tambaya ba. Uwa ta kai abincin gida, ga yara biyar suna kallon guda yana tsotsa, rumbu ba komai tun kafin shuka. Ko ta raba musu, ko ta sayar da leda biyu ta auno tiyar hatsi. Ina yi mata faɗa, amma ban iya kiranta ɓarauniya. Mai sayen fa? Ba ita ce ke da shago ba, ba ita ce ke da motar da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa iyakar Najeriya ba. Wannan ɓangaren kun fi mu saninshi.

A 2005, lokacin da yunwa ta sa duniya ta san sunan Maraɗi, ina cikin masu kwana a tanti da yara. Na ga ranar da ake fitar da gawa kamar ba za a daina ba, na kuma ga abin da ya biyo baya: a 1998 cikin yara 1000 a Nijar 226 ke mutuwa kafin shekara 5, a 2009 sun koma 128. Waɗanda kake zagi a rediyo na cikin masu wannan aikin. Haka masu bin gida-gida daga Yuli zuwa Oktoba suna ba yara maganin rigakafin masassarar cizon sauro, cikin caɓi, a ƙafa, a kan ɗan abin da bai kai kuɗin man motarka na sati ba. Rabin masu taya ni aiki ƴan sa-kai ne, da difloma a hannu, ba albashi. Ban taɓa jin ka kira rediyo saboda su ba.

Shekarun da kake konseye a majalisar gari, sau nawa ka taka likitar nan? Ɗiyanka a kilinik ake duba su, Allah ya ƙara buɗi, ban yi hassada ba. Ina dai mamakin yadda tausayin ɗiyan talakawa ya sauko maka daidai bayan an rushe majalisun gari a 2024.

Kwamitin kula da likita na zama ƙarshen kowane wata, ƙofa a buɗe. Ka zo da mai yi maka lissafi, zan shimfiɗa muku rajista da takardun bashin da muke bi, ku ƙirga. In an samu leda guda da na ci, ka koma rediyon ka faɗi sunana da na ubana. In ba a samu ba, filin da ka yi waccan maganar nan ne nake jiran ka janye ta. Kwano bandur biyu zai ishi rumfar.

Wassalam,
Majon likitar unguwarku, Maraɗi