Kura da Shan Bugu: Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Florida

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Hajiya tana gaishe ka, ko da yake tun ranar da ka turo hoton nan da kake tsaye a cikin zoben igiya daga kai sai ɗan gajeren wando ba ta sake yin barci mai nauyi ba. Maganar suturar na bar muku kai da ita, don na san ba za ta ƙyale ka ba. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

A waya ka ce mini ka fara zuwa makarantar koyon resilin da yamma, kana kuma tunanin jingine karatu idan kamfanin resilin na WWE ya kira ka gwaji a Orlando. Da na nuna damuwa sai ka ce: "Baba, ai sana'a ce kamar ta 'yan besbol, ko ka ɗauke ta kamar ta 'yan fim." Na yi shiru ne saboda katin waya ba ya ɗaukar doguwar magana. Amma kwana uku ke nan ina juya kwatancen nan naka, don duka biyun na ɗan san su.

Ka san a Missouri na yi karatu a ƙarshen shekarun 1980. Wani maƙwabcina, dattijo baƙar fata, ya taɓa jana zuwa kallon wasan besbol na kulob ɗin Cardinals a St. Louis. Gaskiya gyangyaɗi na yi ta yi. Mutum ya jefa ƙwallo, wani ya kai mata duka da sanda ya kuskure, a tsaya, a tofar da yawu, a gyara hula, a sake. Awa uku muna abu ɗaya. Amma a hanyar komawa gida dattijon ya ba ni labarin Curt Flood, shi ne abin da ya zauna mini har yau. Flood ya yi wa Cardinals wasa shekara goma sha biyu, sai a 1969 aka wayi gari an miƙa shi ga kulob ɗin Philadelphia a musayar 'yan wasa ba tare da an tambaye shi ba. A wancan zamani haka dokarsu take: kulob ɗin da ya fara ɗaukar ka shi ke da kai har ka tsufa. Flood ya ce ba ya zuwa, ya rubuta wa shugaban wasan cewa shi ba kadara ba ne da za a saya a sayar. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1972 ya faɗi, sana'arsa kuma ta mutu. Sai dai a bayansa akwai ƙungiyar 'yan wasa, wadda Marvin Miller ya karɓi ragamarta a 1966, mutumin da ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe. Ba su saki maganar ba, kuma a ƙarshen 1975 mai sasanci ya yanke hukuncin da ya buɗe wa ɗan wasa ƙofar zaɓen inda zai yi aiki.

Dubi inda abin ya kai. Yarjejeniyar farko da ƙungiyar ta ƙulla a 1968 ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 10,000 a shekara. A 2024 mafi ƙarancin dala 740,000 ne. Ba Shohei Ohtani nake ba ka misali da shi ba, wanda ya sa hannu a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Ina maganar wanda ke zaman benci ne, wanda ko sunansa ba ka sani ba. Kwana 43 a babban rukuni sun isa ya fara cancantar fansho. Wasanni 162 suke yi a kaka, da yawa ne, amma idan sanyi ya shigo kowa ya koma gida jikinsa ya huta. Ba kyauta aka ba su wannan ba. A 1994 yajin aiki suka yi har aka rasa wasan ƙarshe na shekarar.

To ɗan resilin fa? Shirin Raw da WWE ke nunawa a talabijin tun Janairun 1993 ake yin sa duk mako, babu damina babu rani. Kuma a takarda, ɗan wasan WWE ba ma'aikacin kamfani ba ne, ɗan kwangila ne mai zaman kansa, duk da cewa kamfanin ne ke faɗa masa garin da zai kwana, da abin da zai furta, da wanda ba zai yi wa aiki ba. Idan ya ji rauni a fage suna biyan magani, wannan gaskiya ne, ba zan rage musu ba. Amma inshorar lafiyarsa ta yau da kullum a wuyansa take, fansho kuma babu. Ƙungiya ma babu. Jesse Ventura ya gwada haɗa kan 'yan'uwansa a 1986, dab da WrestleMania ta biyu, babban wasansu na shekara-shekara, kafin gari ya waye magana ta kai kunnen mai gida Vince McMahon. Sai bayan shekaru, lokacin da Ventura ya kai kamfanin ƙara kan haƙƙin kaset, ya ji daga bakin McMahon cewa Hulk Hogan ne ya kai tsegumin. Hogan ɗin da hotonsa ke manne a ƙofar ɗakinku kuna yara. Ventura da bakinsa ya sha faɗa cewa kariyar da ya samu daga ƙungiyar 'yan fim ya same ta, bayan ya fito a fim ɗin Predator.

Wannan abin na san ɗacinsa a jikina. Ranar da aka rufe masaƙar da na yi wa aiki, mu da ke cikin ƙungiya mun sha wuya, mun yi ta zarya shekaru kafin a ba mu wani abu daga giratutinmu, amma dai an ba mu. 'Yan wucin gadi kuwa, waɗanda ƙurar auduga ta fi cika wa ƙirji, a bakin get aka tare su da safe. Ina tuna wani da ya zo da kwanon abincinsa ɗaure a ƙyalle, ya tsaya yana karanta takardar da aka liƙa har sau uku, sannan ya juya ya tura kekensa, ko hawa bai yi ba.

Akwai wani bambancin da ya fi wannan zurfi. A 1919 wasu 'yan wasan besbol takwas na Chicago suka shiga zargin karɓar kuɗin 'yan caca don su faɗi da gangan, aka kore su daga wasan har abada. A 1989, ina can, aka kori Pete Rose saboda caca, mutumin da babu wanda ya kai shi yawan bugun ƙwallo a tarihi, kuma har ya mutu a 2024 ba a yafe masa ba. A wannan shekarar dai ta 1989, kamfanin McMahon ya je gaban majalisar jihar New Jersey ya ce abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasar gaskiya ba, don a raba shi da sa idon hukumar wasanni. Ka gani? Abin da ke kashe sana'ar ɗan besbol shi ne ainihin aikin ɗan resilin. Ba zagi nake yi ba. Illa dai ka gane abin da hakan ke nufi: ɗan besbol idan manaja ba ya ƙaunarsa, alƙaluma za su yi masa shaida, wani kulob ya ɗauke shi. Haka ɗan kokawarmu. Wanda ya ɗauki takobi a Nijar, ko a Dosso aka yi ko a Tawa, ƙasa ce ta shaida bayan abokin karawarsa ya taɓa ta, babu mai rubuta masa. Kai kuwa ko ka fi kowa iyawa, sai wanda ke riƙe da alƙalami ya ga dama za ka ci.

Sai ka ce to shi ke nan, ɗan fim ne. Nan ka fi kusa da gaskiya, kuma na yarda akwai fasaha a ciki. Iya sa mutum dubu ashirin su tsane ka cikin minti biyar ba ƙaramin abu ba ne. Amma ɗan fim idan za a faɗo daga bene akwai mai faɗowa a madadinsa, idan aka yi kuskure a yanke a sake. A resilin kai ne jarumin, kai ne mai faɗowar, kuma sau ɗaya ake yi a gaban jama'a. Faɗan shiri ne, faɗuwar ba shiri ba ce, katako ne a ƙarƙashin tabarmar nan. Owen Hart a watan Mayun 1999 a Kansas City, ana sauko da shi daga rufin fili da igiya, maɗaurin ya kwance, ya faɗo daga sama da mita ashirin ya mutu yana da shekara 34. Aka fitar da shi aka ci gaba da wasa. Eddie Guerrero a ɗakin otal aka tsinci gawarsa a 2005, shekararsa 38. Rai na Allah ne, amma jiki magayi. Su kuma 'yan fim da suka ga ana neman cin haƙƙinsu a 2023, ajiye aiki suka yi kusan wata huɗu har aka saurare su.

Har suna ma ba naka ba ne. A 1996 Scott Hall da Kevin Nash suka bar kamfanin, sai aka ɗauko wasu mutum biyu aka sa musu kayan, aka ci gaba da kiran su Razor Ramon da Diesel, saboda sunayen mallakar kamfani ne. Netflix kuwa dala biliyan biyar ta amince ta biya don Raw na shekara goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san za ka kawo mini The Rock da John Cena, ko Omos ɗan Legas. Ina taya su murna. Sai dai ka lura, biyun farko da suka samu hanya ina suka nufa? Fim, inda ake tsufa da gwiwoyi lafiya. Randy Savage kuma ta ɗaya ƙofar ya shigo: shekara huɗu ya yi a ƙananan kulob na besbol, da ba a kira shi sama ba ya koma resilin, sana'ar mahaifinsa.

Ban ce ka bari ba. Tun ranar da ka diro daga kan kwaba ka faɗa wa ƙaninka, kuka karya katakon gadon Hajiya kuka tokare shi da bulo kuka yi shiru mako guda, na san abin nan yana jininka. Hana ka ba zai cire shi ba. Abin da nake nema shi ne saura zango uku ka gama, ka gama. Orlando ba za ta gudu ba, fili kuwa ba ya tambayar digiri amma ranar da gwiwa ta ƙi, ofis zai tambaya. Kada ka hau zoben nan ko sau ɗaya inshorarka ba ta aiki, ka kuma bincika ko ta makaranta tana ɗaukar irin wannan rauni, da ma ko bizarka ta yarda ka karɓi kuɗin wasa. Duk wanda ya miƙo maka allura ko ƙwaya don jiki ya kumbura ko ciwo ya lafa, ka bar wurin. Idan kanka ya bugu har ka ga duhu, ka faɗa wa likita, kada kunyar abokai ta sa ka ɓoye.

Idan kuma aka ba ka takarda, kada ka sa hannu a ranar, ko da sun ce tayin na yau ne kawai. Ka kai wa lauya, ka turo mini kwafi ta WhatsApp. Tabarau na sabo ne, zan bi ta layi-layi, musamman wurin da ya yi maganar suna da wurin da ya faɗi kwana nawa za su ba ka idan sun ga damar sallamar ka.

Kawunka zai taho wata mai zuwa, Hajiya ta haɗa maka yaji da kuka da daddawa. Kilishi an ce ba a bari ya shiga, don haka kada ka sa rai. Ka kira ta ranar Juma'a, kuma don Allah ka sa riga kafin ka kunna bidiyo.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare mana kai.

Mahaifinka