Masu gidajen gem na Garwa, ku sa wa yaranmu wasan jirage

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya zafi. Na san shafin wasiƙu yawanci maganar hanya ce da wuta da tsadar masara, toh ni yau da maganar gem na zo, dan Allah kar a jefa ta kwando tukuna, a karanta har ƙasa.

Duk wanda ya tashi a Garwa ko Marwa ko Ngaundere wajen shekarun 1990 zai tuna wannan ƴar na'urar ta roba da ƴan kasuwa ke shigo mana da ita ta Mubi da Yola, mai kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wai gem 999 ne a ciki, alhali in ka bi su ɗaya bayan ɗaya ƴan ƙalilan ne suke ta maimaita kansu da sabon suna. A cikin kaset ɗin nan muka san wasan jirgi, ɗan ƙaramin jirgi a ƙasan tele yana tafiya hagu da dama yana harbin wasu ƙwari da ke gangarowa daga sama. Ba mu san sunansa ba ma lokacin, jirgi kawai muke cewa, sai da muka girma muka ji ashe Galaga ne na kamfanin Namco na ƙasar Japan, tun 1981, yayansa kuma Galaxian na 1979, kuma asalinsu ba na gida ba ne, manyan akwatuna ne masu tsayin mutum da ake jefa musu kwabo a shagunan wasa.

Kakansu duka shi ne Space Invaders da kamfanin Taito ya fitar a 1978, wani injiniya Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira shi. Akwai abin dariya a labarinsa, duk sanda ka kashe dodannin da ke gangarowa suka ragu sai sauran su ƙara sauri, mutane suka ɗauka dabara ce, ashe na'urar ce ba ta da ƙarfi, in zanen ya ragu sai aiki ya yi mata sauƙi ta ƙara gudu, shi kuma mutumin ya ga abin ya yi daɗi ya bar shi haka. Daga nan fa aka buɗe ƙofa, kamfanin Capcom ya yi gem mai suna 1942 a shekarar 1984, Konami ta yi Gradius a 1985, Irem ta yi R-Type a 1987, sai Raiden a 1990.

Abin da ya sa na ɗauko biro shi ne, gem ɗin nan duk an sake fito da su a kan na'urorin zamani, PS4 da PS5 da Nintendo Switch da Xbox, kuma ba irin na kaset ɗinmu da aka rage wa launi da sauti ba, na ainihin akwatin kwabon. Wani kamfanin Japan mai suna Hamster tun 2014 yake wannan aiki da sunan Arcade Archives, kusan kowane mako sai ya saki tsohon gem guda, yanzu sun kai ɗaruruwa. Capcom ma a 2021 ta tattara nata guda 32 a cikin Capcom Arcade Stadium, har ta bar wasan jirgi mai suna 1943 kyauta ga duk mai so. Konami ta haɗa su Gradius da Salamander a wuri ɗaya a 2025. Duniya na ta shagali da su, mu kuma nan in ka zaga gidajen gem daga Yelwa har Roumdé Adjia ba abin da za ka gani a tele sai koren fili, ƙwallo ƙwallo ƙwallo, PES da FIFA daga safe har dare, sai ɗan faɗa da duka jefi-jefi. Ban ƙi ƙwallo ba wallahi, ni ma mai zuwa kallon kulob ɗinmu na Garwa, Coton Sport, ne, amma abinci ɗaya kullum ai yana gundura.

Ni a ganina babu gem ɗin da ya dace da halin da muke ciki kaman waɗannan tsofaffin. Manyan gem na yanzu wani ya haura giga 100, kafin ka sauke shi kuɗin data ya cinye ribar wata, ka gama kuma ya ce sai ka sabunta shi. Su waɗannan ƙanana ne sosai, cikin ƴan mintuna sun sauka ko da intanet ɗin waya, bayan haka ba ruwansu da intanet sai in kana son sa makinka a jerin duniya. Ga maganar wuta, mun san yadda take a watan Maris da Afrilu sanda ruwan madatsar Lagdo mai ba mu wuta ya ja baya, gem mai dogon labari da sai ka yi awa biyu kafin ka kai wani wuri ana ɗauke wuta an gama da kai, shi kuwa wasan jirgi minti biyar ko goma ne ka yi ka mutu ka miƙa wa na baya manet, wato abin dannawar da ake riƙewa a hannu. Dama can don haka aka yi su, don layi ya yi ta tafiya kwabo ya yi ta shiga, toh mai gidan gem me yake nema da ya wuce wannan?

Sannan ba wasan banza ba ne kaman yadda yara ke ɗauka in sun ga zanen ya tsufa. Na zaunar da ɗan ƙanwata, wanda duk unguwa ba mai cin sa a PES, na ba shi Gradius, ya kalli tele ya yi tsaki ya ce Kawu wannan ai na jarirai ne. Bai kai ƙarshen matakin farko ba rayukansa uku suka ƙare, ya ce a sake. A Gradius in ka harbe jajayen jirage suna sakin wani ɗan ƙulli, kowane ƙulli da ka ɗauka yana matsar da alama gaba a wani layi da ke ƙasan allo, gidan farko sauri, na biyu makami mai linzami, can gaba akwai laser, gaba da shi kuma ƴan ƙwallayen wuta masu bin bayan jirginka suna harbi tare da kai. Kai za ka zaɓa, ka kashe ƙullinka yanzu a kan sauri ko ka daure ka tara don babban makami, duk wannan lissafin kana yin sa harsashi na zuwa maka ta ko'ina, in kuma ka mutu komai ya tafi ka dawo tsirara a tsakiyar wuta. Na ga yaron nan ya daina surutu, ya matso da kujera har gwiwarsa na taɓa teburin tele, babban yatsansa ya yi ja. Galaga ma tana da nata sirrin, ka bari da gangan babban ƙwaron ya zuƙe jirginka, sannan ka harbo shi daidai sanda yake gangarowa, jirgin ya dawo ya manne da naka ku zama biyu, amma in hannunka ya kuskure kai da kanka za ka harbe jirginka.

Inda ni ban yarda da sababbin fitowar ba shi ne sauƙin da suka zuba a ciki ya yi yawa. A akwatin asali in kuɗinka ya ƙare ka tashi. Yanzu danna maɓalli ɗaya kawai kwabo ne, ka mutu sau ɗari ka ci gaba, a na Capcom ma har akwai mayar da lokaci baya, harsashi ya same ka sai ka koma daƙiƙa kaɗan ka kauce, kuma za ka iya rage gudun gem ɗin gaba ɗaya. Yaro zai gama 1943 cikin zama ɗaya ya tashi ya ce ba komai a ciki, alhali bai buga komai ba, kaman wanda aka goya a babur ya zo yana cewa ya iya tuƙi. Don koyo ba laifi a yi amfani da su. Amma in gasa ce doka ɗaya, kwabo ɗaya, rayukan da gem ya ba ka su ke nan. Abin daɗi su Hamster sun yi tunanin haka, a cikin gem ɗinsu akwai sashen neman maki da kwabo ɗaya, akwai kuma wanda suke kira Caravan, minti 5 cif ake ba ka, wanda ya fi tara maki shi ya ci. Mai gidan gem allo da alli kawai yake buƙata, ya rubuta sunayen mutum goma na sama a bango, ka ga yadda yara za su yi ta dawowa don su goge sunan wani.

Na san masu gidajen za su ce toh Malam ta ina za mu saya, kuma suna da gaskiya. Yawancin gem ɗin nan ba sa zuwa a faifai, sai ta shagon intanet na na'urar, mu kuma Kamaru da Cadi ba ma cikin jerin ƙasashen da shagon PlayStation yake da su, shi ya sa kowa da asusun Faransa yake aiki, ya nemi mai sayar da lambar kati ya tura masa kuɗi ta waya. Gem ɗaya na Arcade Archives wajen Yuro 7 ne, a lissafin sefa 656 kowane Yuro kusan 4,600 ke nan, kafin mai kati ya ɗora nasa. Ba kyauta ba ne, amma wanda ya iya sayen sabuwar ƙwallo duk shekara da ninkin wannan kuɗin sau goma ba zai ce guda biyu ko uku sun gagare shi ba, kuma wannan ba ya tsufa a ce ƴan wasa sun canza kulob. A fara da 1943 ɗin ma tunda ba ko sisi.

Shawara biyu ga wanda zai gwada. Tele ɗin zamani mai faɗi yana ɗan jinkiri tsakanin danna manet da motsin jirgi, a ƙwallo ba a cika lura ba amma a nan shi ne mutuwa, sai a shiga saitin tele a kunna yanayin gem. Na biyu, su Galaga da 1942 da Raiden allonsu a tsaye yake ba a kwance ba, shi ya sa za ku ga baƙi hagu da dama, ba lalacewa ba ce, mai ƙaramin allon kwamfuta zai iya juya shi a tsaye ya gyara a saiti, hoton ya cika fes.

Sai iyayenmu da malamai, da yake da an ce wasan harbi hankali ke tashi, kuma ba wanda zai ga laifinsu in aka duba abin da jihar Arewa Mai Nisa ta sha a shekarun nan. Ina roƙonsu su leƙa su gani da idonsu. Ba mutum a ciki, ba jini, ba zagi, ba mace tsirara, jirgi ne da ƙwari da duwatsu, ya fi mini sau dubu a kan waɗanda yara ke bugawa a waya suna bin mutum lungu lungu da bindiga. Abin da za a sa wa ido shi ne lokaci, gidan gem ya rufe in an kira salla, kar a karɓi kuɗin yaro mai kayan makaranta da safe, kuma gasar maki kar ta koma caca, kyautar lemo ko awa ɗaya kyauta ta isa.

Malam Edita in kun buga wannan ina fata ƴan uwa na Kuseri da Njamena su ma su rubuto su faɗa mana ko a can akwai gidan da ya riga ya sa su, don in akwai mu haɗa maki tsakanin garuruwa, kowa ya ɗauki hoton allonsa ya turo. Mu nan Garwa da Gradius za mu fara in an sha ruwan azumi mai zuwa, ɗan ƙanwata ya ce shi zai riƙe alli.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga Garwa, Kamaru