Farin cikon haƙori: a duba aikin, ba launin kaɗai ba

Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu yi bayani kan farin ciko mai launin haƙori, wanda ake kira kwamfozit, domin yawancin masu kogon haƙori shi suke nema yanzu, kuma da yawansu sun ɗauka kyan launinsa shi ne ingancinsa.

Kwamfozit haɗi ne na wani irin ƙaro na roba da garin gilashi mai laushi ƙwarai. Tsohon ciko mai launin azurfa, wato amalgam, kusan rabinsa zaiba ce, kuma cusa shi ake yi a rami ya zauna da ƙarfin matsi, shi ya sa wani lokaci sai an ƙara sassaƙe lafiyayyen haƙori don ya sami wurin kamawa. Farin ciko kuwa mannewa yake yi a jikin haƙori, don haka ruɓaɓɓen wurin kawai ake cirewa. Amfaninsa ke nan, kuma rauninsa ma daga nan yake, domin duk abin da ya ɓata mannewar ya ɓata aikin.

Launi ake fara zaɓa tun haƙorin yana da danshi, saboda idan ya bushe yakan yi fari fiye da yadda yake. Bayan allurar kashe zafi da kwashe ruɓar, sai a killace haƙorin daga yawu, ko da shimfiɗar roba mai huda wadda haƙorin kaɗai ke leƙowa ta cikinta, ko da auduga da bututun zuƙe ruwa. A nan ne aiki ya fi lalacewa. Ɗigon yawu ko jinin dasashi guda ɗaya ya isa ya hana cikon kamawa, kuma ba a ranar za a gane ba, sai bayan watanni.

Daga nan a shafa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari, don ya kausasa jikin haƙorin yadda gam zai kama. Ɓawon haƙori mai tauri yana ɗaukar daƙiƙa 15 zuwa 30, amma sashen ciki mai taushi ba a so ya wuce daƙiƙa 15. A wanke sosai, a busar sama-sama. Wanda ya busar da cikin ƙayau ya rufe ƙananan ƙofofin da gam zai ratsa, sai mutum ya koma gida yana jin tsami duk sanda ya tauna abu. Sai a shafa gam, a hura masa iska, a haska shi da shuɗiyar fitila mai sandarar da shi.

Cikon kansa hawa-hawa ake zuba shi, kowane hawa kada kaurinsa ya wuce milimita 2, a haska shi kamar daƙiƙa 20. Dalili biyu ne. Hasken ba ya ratsa abu mai kauri, sai sama ta sandare ƙasa kuwa ta zauna ɗanya. Sannan kwamfozit yana tsukewa idan yana daskarewa, wajen kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na girmansa. In aka dunƙula shi gaba ɗaya aka cusa, tsukewar za ta janye shi daga bangon ramin ta bar siririyar kafa, ƙwayoyin cuta su bi ta nan, ruɓa ta sake tashi a ƙarƙashin cikon da ido ke ganinsa lafiya lau. Akwai nau'in da aka yi musamman don a zuba har milimita 4 a tashi ɗaya, amma ba kowane ba ne. Fitila mai rauni, ko wadda aka riƙe nesa da haƙori, ita ma tana barin ƙasan cikon ɗanye.

Idan kogon yana tsakanin haƙora biyu, dole a zagaye haƙorin da siririn ƙarfe a tokare da ɗan tsinke, don bangon da za a gina ya taɓa maƙwabcinsa. In ba haka ba abinci ya dinga maƙalewa ke nan, dasashi yana kumbura. A ƙarshe a sa mutum ya ciji takarda mai launi a ga inda ya yi tudu, a rage, a goge ya yi santsi. Mai haƙori ya faɗi gaskiya a wannan gaɓar. Kunya ba ta da amfani, tudun da bai kai kaurin gashi ba yana iya hana tauna.

Farin ciko yana fita daga hannun likita a sandare, ba kamar amalgam da ke buƙatar kusan yini guda ba, sai dai a jira allura ta sake don kada a ciji harshe ko leɓe. Ɗan jin sanyi na kwanaki ba abin tsoro ba ne. Ciwon da ke tashi haka kawai, ko mai hana barci, ko mai daɗewa bayan an sha abu mai zafi, alama ce ta cewa jijiyar haƙorin ta kamu, kuma ciko ba ya maganin wannan.

Ba kowane kogo ne ya dace da shi ba. Matauni da ya rasa fiye da rabinsa ya fi buƙatar a yi masa hula, wato murfin da ake kifa wa haƙorin gaba ɗaya. Inda ba za a iya tsare yawu ba, kamar bakin ƙaramin yaro ko ramin da ya gangara ƙasan dasashi, gara simintin gilashi: shi ma fari ne, yana jure danshi, yana sakin fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ko da yake bai kai kwamfozit ƙarfi ba.

Gaskiya ne duniya tana barin amalgam tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba, har Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga 2025 sai da lalura. Duk da haka ba ma ba da shawarar a tone tsohon cikon da ke zaune lafiya don kawai a sa fari, domin kowane canji yana cin wani ɓangare na haƙorin. A kuma sani cewa shayi, kofi da sigari suna dusashe gefen farin ciko, kuma maganin ƙara hasken haƙora ba ya canza launinsa, don haka mai niyyar yin wannan ya fara yinsa, ya jira kamar mako biyu, sannan a zaɓi launin ciko.

Wassalam,
Wasu likitocin haƙori