Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Zumuntar Mata Katolika da Aikin Sistocinmu

Uwar Zumunta, iyayenmu mata, 'yan'uwa na cikin gari da na ƙauyuka, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Wannan rahoto ya shafi abin da zumuntarmu ta yi tare da Sistocin da ke zaune a Ikilisiyarmu daga Janairu zuwa Disamba 2025. Lissafin kuɗi da na hatsi yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi da bakinta, don haka ba zan shiga gonarta ba.

Shekara ce ta Jubili, kuma a cikinta muka yi rashin Paparoma Francis ranar 21 ga Afrilu, washegarin Ista. Ranar 8 ga Mayu aka zaɓi Paparoma Leo na 14, ɗan ƙungiyar Waliyyi Augustine, wato ƙungiya ɗaya da Bishop ɗinmu na Kano, John Niyiring. Mun yi Misar makoki, mun yi ta godiya, masu tulu da masu waƙa kuma sun fitar da mu kunya a duka biyun.

Ranar 2 ga Fabrairu, wadda Paparoma John Paul na 2 ya keɓe tun 1997 domin masu rayuwar keɓewa, Sistoci suka maimaita alkawuransu uku a gabanmu: talauci, zama ba aure domin Allah, da biyayya. Ina so mu tsaya a kan na farkon, domin a nan muke yawan kuskure. Har yanzu akwai masu ganin Sista da farin mayafi su ɗauka kuɗin Turai na biye da ita. Gaskiya ne Sistocin St. Louis da suka sauka Kano a 1948 daga Ailan suka zo, kuma a wancan zamani taimako yakan biyo su daga gida. Amma Sistocin da ke tare da mu yau 'ya'yan ƙasar nan ne, wasu ma iyayensu manoma ne kamar mu. Albashin wadda ke koyarwa da na wadda ke aikin jinya duk asusu ɗaya suke shiga, ba mai cewa wannan nawa ne. Daga nan suke ci, daga nan suke sayen man babur. Idan kika karɓi magani bashi kika yi shiru, ki sani tuwon darensu kika taɓa.

Aikin ɗakin magani shi ya fi cin ƙarfinmu bana, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. A waɗannan watanni ne ma'aikatan lafiya ke bi gida gida da maganin rigakafi na wata wata ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. Maganin na kwana uku ne, ma'aikaci yana ba da na ranar farko, sauran biyun sai uwa. Sistar da ke aikin jinya ta lura iyaye mata da yawa suna ajiye ragowar wai sai yaro ya yi zazzaɓi. Sai ta roƙi a zaɓi mace ɗaya a kowace unguwa ta riƙa leƙawa rana ta biyu da ta uku. Unguwannin da suka yi haka sun ga bambanci, waɗanda suka yi ta jan ƙafa kuwa su ne muka riƙa gani da goyo a ƙofar ɗakin magani da tsakar dare.

Sai tamowa. Sista ta koya wa wasu daga cikinmu awon damtsen yaro da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba batun kunu ba ne, asibitin gwamnati za a kai shi a ranar. In rawaya ne, mu ne da aikin. Garin kunun da muke haɗawa bai da wani sirri: kwano 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a sussuke ɓawon waken, a kai inji. Duk abin da ke ciki a gonakinmu yake fitowa. Abin da ya ba ni haushi, kuma zan faɗa ko da za a ji zafi, shi ne gidan da ake tuyar awara kullum ana kaiwa kasuwa, amma ɗan gidan damtsensa na rawaya. Ba rashi ba ne wannan.

Ku sani kuma yawancin matan da ke zuwa karɓar garin nan maƙwabtanmu ne Musulmi, da matan Fulani daga ruga. Sista ba ta taɓa tambayar kowa addininsa kafin ta duba shi, mu ma ba mu tambaya ba. Wasu cikinsu da kaka suka aiko da gyaɗa da nono ba wanda ya roƙe su.

A ɓangaren karatu, ajin yaƙi da jahilci ya ci gaba da rani, ya tsaya da damina kamar kullum. Akwai iyayenmu da suka fara buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu bana. Tun 1932 aka fitar da shi cikakke da Hausa, amma sai yanzu wasu gidajenmu suka samu mai karanta shi ba sai an jira Baba Katikis, mai koyar da addini, ba.

Matsalar tana wajen 'yan mata. Ɗakin kwanan da Sistoci ke riƙewa domin yaran ƙauyuka masu nisa da sakandare da hatsinmu yake tafiya, kwano ɗaya daga kowace mace bayan girbi, kamar yadda muka amince. Bana taki ya yi tsada, farashin hatsi kuma ya faɗi da kaka, manomi ya sayar da yawa ya samu kaɗan, kowa ta san wannan a gidanta. Duk da haka ƙauyukan da suka fi talauci su suka fara kawo nasu, mu na kusa da titi muka zo a baya. Hatsin da aka tara an zuba shi a buhunan nan masu leda biyu a ciki, ba a sa masa magani ba, ƙwaro kuma bai taɓa shi ba. Amma abinci kaɗai ba ya riƙe yarinya a makaranta. Wasu an ɗauke su hutun ƙarshen zango ba su dawo ba, wata an tura ta aikatau Kano, wata an karɓi kuɗin aurenta. Sista ta hau babur ta bi gidajen, wani uban ya saurara, wani ya ce ita da ba ta haifa ba me ta sani. Maganar nan a gaban matan zumunta aka yi ta, ba wadda ta buɗe baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mu ne muka san lokacin da aka fara kawo goro a gida, tun kafin labari ya kai gidan Sistoci. In da mun yi magana da wuri, da an ceci karatun wasu.

Ziyarar ƙananan majami'u ta ragu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023 zuwa ƙauye ya zama abin lissafi, da damina kuma wasu hanyoyin rafi ke yanke su. Dayosis ɗinmu, wato yankin da Bishop ke kula da shi, ya haɗa Kano da Jigawa gaba ɗaya, Fada ba zai iya kaiwa ko'ina kowace Lahadi ba. Sistoci da Baba Katikis sun shirya yara domin baftisma da karɓar Jibin Ubangiji na farko, an kuma gyara auren wasu ma'aurata da suka daɗe suna jira. Addu'ar Rosari ta watan Mayu da ta Oktoba mun yi ta gida gida.

Ga abin da kwamiti ke kawowa gabanku don ku amince ko ku gyara. Kowace ƙaramar majami'a ta zaɓi mata biyu da za su koyi awon damtse da haɗa garin kunu kafin ruwan farko. Kwanon hatsi a kawo shi kafin Kirsimeti, ba bayanta ba. Bashin ɗakin magani kuma zumunta ce za ta bi, kada a sake barin Sista da kunyar tambaya. Duk yarinyar da aka ji ana shirin cire ta daga makaranta, a sanar da Uwar Zumunta a makon, ita da dattawa mata za su je wurin uban tare da Sista.

Wa'adin shugabanni ya cika. Za a yi zaɓe a taron farko bayan Ista, kuma wadda ba ta biya kuɗin wata ba, sai ta ga ma'aji kafin ranar.

Taku cikin Almasihu,
Magatakardar Zumunta